Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

"Wannan ba kai ba ne," in ji ma'aikacin, ya turo wa Jibirin wayarsa ta ƙarƙashin taga.

Jibirin ya dubi wayar. Hotonsa ne a jiki, har da tabon da fartanya ta bar masa a gira tun yana yaro.

"To wane ne? Aljanina?"

"Fuska taka ce, yatsu naka ne. Sunan ne ba naka ba." Ma'aikacin saurayi ne sa'ansa, da kati rataye a wuya an rubuta Taufiq. Ya juyo da kwamfutar yana nuni da bayan biro. "Lasisin tuƙi ya ce Jibirin Sadiƙ. Takardar firamare ta ce Jibirin Sadiƙ. Rajistar ɗan ƙasa kuwa ta ce Ɗanlami Sadiƙ. Jakar ba ta buɗewa sai bakin takardun ya zo ɗaya."

"Ai ni ne Ɗanlamin. Kowa a Kutama ya sani. Leƙa ka tambayi 'yan acaɓar da ke ƙofar nan."

"Na'ura ba ta san 'yan acaɓa ba."

Jakar da ake magana ba ta fata ba ce. Wata aba ce da ake shirin zuba wa kowa a cikin waya, wai ta haɗa katin ɗan ƙasa da lasisi da takardun makaranta wuri guda, mutum ya huta da yawo da leda cike da takardu. An ba wani kamfani kwangilar gwaji, suka kama ɗaki a Gwarzo suka kafa tuta. Jibirin bai taɓa damuwa da su ba, sai da wani kamfanin dakon hatsi ya ɗauki sunansa cikin direbobin da zai ba manyan motoci. Ya ci gwajin tuƙi, ya ci na ido. Saura abu ɗaya: duk wanda jakarsa ba ta buɗe ba zuwa ƙarfe biyar na yau Alhamis, za a ba na bayansa.

Shekararsa ashirin da huɗu. Tun da ya bar makaranta a aji biyu na sakandare ya yi karen mota, ya yi acaɓa da babur ɗin wani, ya yi ci-rani a kudu ya dawo da zazzaɓi. Wannan ne karo na farko da za a miƙa masa makulli a ce motar tana hannunsa.

"To gyara mana," ya ce. "Goge wancan ka rubuta wannan. Ga biro a hannunka."

"Ba haka ake yi ba. Kana yaro aka yi maka rajista, a ƙarƙashin lambar mahaifiyarka. Ita za ta zo ta zauna gaban kyamara, ta faɗi sunanta, ta faɗi naka na yanka da bakinta."

Jibirin ya matso kusa da tagar.

"Zan kawo takardar Maigari."

"Takarda ai ita muka zo kashewa."

"Liman fa? Shi ya raɗa sunan."

"Babu liman a tsarin." Taufiq ya leƙa bayansa yana neman na gaba. "Kuma kyamarar ba ta nan, tana Kabo wannan makon. Ƙarfe huɗu suke rufewa."

"Kun kafa tuta a Gwarzo, kun kai ido Kabo! Kunnen fa, yana Abuja?"

Mutanen layi suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya daki katakon tagar da tafin hannu har biron Taufiq ya faɗi, ya fita.

A kan acaɓa zuwa Kutama ya tuna ranar. Yana da shekara goma sha uku masu rajista suka zo makarantar firamare. Babansa yana ci-rani, Inna ce ta kai su shi da ƙannensa. Da aka zo kansa mai rubutu ya ce, "Sunan wannan?" Inna ta kau da kai ta dubi bango ta ce, "Ɗanlami." Shi kuwa yana tsaye yana wasa da taya, ko a jikinsa. Ashe ranar aka haƙa ramin da ya faɗa yau.

Ya tarar da ita a tsakar gida tana matsar man gyaɗa, ƙanwarsa Rufaida tana mulmula tunkuza za a soya ƙuli-ƙuli. Sallamar ma a tsaitsaye ya yi ta.

"Inna, ki tashi ki ɗauko mayafi. Kabo za mu."

Inna Uwaliya ba ta ɗago ba. "Rufaida, tambaye shi wa ya mutu a Kabo."

Haka take yi tun da ya yi wayo. Shi ne ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, magana kuwa sai ta bi ta kan wani. Idan babu kowa a gidan sai ta faɗa wa kaji ko randa, shi ya tsinta.

"Ni na mutu," ya ce. "An duba an ce babu ni."

Ya zayyana mata komai, da jakar, da motar, da ƙarfe huɗu. Da ya zo kan abin da ake so ta faɗa, hannunta ya tsaya a cikin kwano.

"Rufaida, ce masa ya je wurin Maigari."

"Na faɗa musu. Ba sa so."

"Ce masa Baffansa Sajo yana nan da ransa. Shi ya riƙe ragon da aka yanka."

"Inna, ga ni a gabanki! Shekara ashirin da huɗu kina aiko mini da magana ta bakin yara da awaki, yau ɗaya dai ki dube ni!"

"Ni ce akuyar, Yaya?" in ji Rufaida.

"Rufe mini baki."

Inna ta ci gaba da matsa, amma man ya daina fita. Ga kwanon take magana yanzu.

"Sunan surukina ne. Mutumin da ya ba ni ɗaki a gidan nan, ban taɓa cin abinci a gabansa ba har ya koma ga Allah. Ga shi kuma na fari. Uwata ba ta faɗi sunan yayana ba har aka binne ta. Ni kaina Furera aka yanka mini, da yake sunan kakata ne aka sakaya. Wa ya taɓa jin an kira ni da shi? Na mutu?"

"Ke ba ki nemi aikin tuƙi ba! Da kunya ake tuƙa tuwo? Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Kowace damina ina bin gonakin mutane ina ƙodago, sa'o'ina sun yi aure, ni ina kwana a zaure. Yanzu ƙofa ta buɗe, sai kalma ɗaya ta gagare ki? Da Baba yana raye da ban tsaya ina roƙonki ba." Ya ji maganar tana tahowa, ya san ba ta da kyau, ya ƙyale ta ta fito. "Uwar da ba ta iya kiran ɗanta, me ta haifa?"

Rufaida ta saki tunkuzar da ke hannunta. 

Inna ta miƙe. Ta wanke hannu da sabulu har sau biyu, ta shiga ɗaki. Da ta fito, mayafinta na zuwa biki ne a kanta, ta ƙulle wani abu a gefensa.

"Rufaida, kar ki bar man nan a rana."

Ta ƙi hawa babur ɗaya da shi, ta kuma ƙi hawa bayan wani namiji. Dole suka tsaya bakin titi jiran mota, yana duba waya yana tsaki. A Gwarzo suka sake wata, direban ya ƙi tashi sai ta cika. Jibirin ya yi ta zagaya motar yana kiran fasinja da kansa kamar ɗan kamasho, "Kabo, Kabo, mutum biyu!" Ita tana can kujerar baya, ta rufe rabin fuska, tana kallon gonakin dawa. Ƙarfe uku da kwata suka sauka.

Wurin wani tsohon ɗakin taro ne, layi ya fito har waje ya zagaye bishiyar darbejiya. Jibirin ya ƙirga kawuna da ido, ya ga ko magariba ba za ta kawo su ba.

"Kai, Ɗanlami! Kai ma sun ce ba kai ba ne?"

Baffa Sajo ne, ƙanin babansa, zaune a kan benci kusa da ƙofa yana shafa yatsunsa a jikin riga. Inna ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana tambayar gida da yara da ruwan jiya.

"Tun safe nake nan," ya ce wa Jibirin. "Wai zanen yatsuna ya goge. Na ce musu shekara hamsin ina riƙe da hauya, ku je ku ɗauki hoton ƙotarta, a can na bar su. Sun ce in shafa mai in jira. Ku fa?"

Jibirin ya faɗa masa a gajarce. Dariyar ta bar fuskar tsohon. Sunan da ake so a faɗa na mahaifin Baffa Sajo ne. Ya dubi matar yayansa, ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwa.

"Ungo lambata," ya ce, ya miƙa wa Jibirin 'yar takarda. "Ni ne na biyu. Yatsun nan ba yau za su tsiro ba." Ya ɗauki butarsa. "Bari in nemi masallaci, la'asar ta kusa."

Ba a kira salla ba tukuna. Jibirin ya bi shi da kallo, ya ga bai tsaya ba sai da ya tsallake titi.

Ma'aikaciyar ciki mace ce, Zaituna. Ta karanta abin da ke kwamfuta, ta dubi Inna, ta dubi Jibirin, nan take ta gane.

"Ɗan fari ne ko, Inna?"

Inna ta gyaɗa kai.

"Wallahi tamu ma haka take da yayanmu. Kullum sai na samu irin wannan, na rubuta musu sau uku." Ta rage murya. "Ba ni da yadda zan yi. Ga abin da za ki ce: ni wance, na shaida wannan ɗana ne, sunansa na yanka wane. Sau ɗaya ne, shi ke nan."

"Ba zan iya faɗa ita ta ce haka ne ba?" in ji Jibirin. Shi kansa bai san lokacin da ya tambaya ba.

"Muryarta take nema, da motsin bakinta."

Aka zaunar da Inna a kan kujerar roba, aka saki farin ƙyalle a bayanta. Kyamarar tana kan sanda, da 'yar fitila ja. Mutanen layi sun cika ƙofa da tagogi, kowa ya miƙo wuya.

"Ni Uwaliya," ta fara, idonta a ƙasa.

Na'urar ta yi ƙara.

"Sai kin dube ta, Inna. Kuma ki janye mayafin daga bakinki."

Ta janye. Jibirin ya dube ta. Bai taɓa ganin fuskarta haka a sarari ba, gaba da gaba, cikin haske. Ashe tana da tabo a haɓa.

"Ni Uwaliya, na shaida wannan ɗana ne, sunansa na yanka..."

Ta tsaya. Fitilar tana ƙyaftawa.

"Hajiya a faɗa mu samu shiga mana," wani saurayi ya ce daga taga. "Ai ba sunan aljani ba ne."

Wasu suka yi dariya. Kafin dariyar ta mutu Jibirin ya isa tagar, ya cakumi wuyan rigar saurayin ta tsakanin ƙarafa.

"Ka ƙara. Don Allah ka ƙara ko kalma ɗaya, in ga wanda zai ɗauki hotonka babu haƙora."

Aka ɓamɓare hannunsa. Wani dattijo ya ce wa mutane su ja baya, wannan ba abin kallo ba ne. Kaɗan suka ja.

Zaituna ta sake kunna na'urar. Huɗu saura kwata.

Inna ta gyara zama. Ta ɗora hannayenta a kan cinya, ta ɗaga kai ta dubi fitilar nan kamar mai kallon wanda ya zo karɓar rai.

"Ni Uwaliya, na shaida wannan ɗana ne. Sunansa na yanka Jibirin."

A hankali ta faɗa, amma ɗakin ya ji. Jibirin ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a tsakiyar kai. Malaman firamare sun kira sunan da bulala a hannu, 'yan tasha sun kira shi da ihu. Bai taɓa jin an ɗauko shi a hankali haka ba, kamar ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Hawaye biyu suka gangaro mata, ba ta share ba, don an ce kar ta motsa.

A fuskar kwamfutar wani ɗan zobe yana juyawa. Ya juya, ya juya. Zaituna ta ɗaga wata 'yar na'ura sama wajen taga, ta girgiza ta, ta sake ɗagawa. Zoben ya tsaya. Rubutu ja ya fito.

"Innalillahi," in ji Zaituna. "Sabis ya ɗauke. Bai tafi ba."

"Kamar yaya bai tafi ba?"

"Bai adana ba. Ba ya ajiyewa a nan, sai can." Ta duba agogo, ta duba na'urar. "Ga shi ya dawo. Inna, don girman Allah ki yi haƙuri, a sake sau ɗaya. Akwai minti shida."

Jibirin ya dubi uwarsa. Ya zaci za ta tashi, ko ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta yi ba. Ta share ido da bayan hannu, ta miƙe wuya, ta sake duban fitilar. Ta buɗe baki.

"Ni Uwaliya..."

Ya sa tafin hannunsa ya rufe kyamarar.

"Ya isa."

"Malam, cire hannunka, lokaci..."

"Na ce ya isa! Ta faɗa. Ke kin ji, ni na ji, duk munafukan da ke tagar nan sun ji, Allah ya ji. Abinku ne kurma! Ku da kuka zauna a ofis mai sanyi kuka tsara wannan, babu wanda uwa ta haifa a cikinku? Ba ku tambayi kowa ba? Kuna so ku san ko ni wane ne, sai kun tuɓe tsohuwa a gaban kasuwa, sannan ku ce a sake, ba ku gani da kyau ba?"

Zaituna ta ajiye 'yar na'urar. Idonta ya kawo ruwa, ya san ba ita ya kamata ya yi wa ihu ba, amma ita ce a gabansa. Waɗanda yake nema ba su da taga.

"Aikin fa?"

Ya juya. Inna ce. Babu Rufaida, babu kaji, babu randa. Shi take kallo.

"Kai nake tambaya. Aikin fa? Na riga na zubar da kunyar, bari in ƙarasa."

"Ba ki zubar da komai ba. Tashi mu tafi, Inna."

"Kar ka yi mini taurin kai irin na ubanka."

"Motoci ba su ƙare a duniya ba."

Bai ɗauke hannunsa daga kan kyamarar ba sai da agogon bango ya cika huɗu, wani mai gadi ya fara tura mutane waje. Tafinsa ya yi zafi da ɗumin fitilar. Ya juya wurin Zaituna, muryarsa ta sauka.

"Ki yi haƙuri. In tambaye ki. Idan lasisin da takardar makarantar na mayar Ɗanlami fa? Sai an kira ta?"

"A'a. Wannan kai kaɗai ne, da rantsuwar kotu. Amma zai ci wata biyu, ko fi."

"To a bar shi yadda ta sa aka rubuta."

A waje hadari ya haɗo ta gabas. Baffa Sajo yana tsaye can tsallaken titi da butarsa, bai matso ba, bai tambaya ba. Ya ɗaga musu hannu kawai ya nufi tasha.

Suna cikin mota wayar Jibirin ta yi ƙara. Lambar kamfanin dakon hatsin ce. Ya bar ta ta yi ta gama, ta sake, ta gama. Haushin bai tafi ba, yana nan a ƙirjinsa kamar garwashi a toka. Gobe da asuba akwai noman ƙodago a ƙauyen Mainika, ya san da shi za a yi.

Sun wuce rabin hanyar Gwarzo aka fara yayyafi. Ya ji an taɓa kafaɗarsa daga kujerar baya. Inna ta kwance ƙullin gefen mayafinta, ƙuli-ƙuli ne guda uku na jiya. Ba ta ba yaron mota ya miƙa ba, ba ta ajiye a kan kujera ba. Ta kama hannunsa ta zuba masa a tafi.

"Tun safe ba ka ci komai ba," ta ce, ta mayar da mayafin ta rufe bakinta, ta koma kallon gonaki.

Bai ci ba. Ya dunƙule hannun, yana kallon ruwa yana bin gilashi, yana sake jin yadda ta faɗa. Babu inda aka adana shi sai wurinsa.